Tsohuwar kwamfutar ofis: wace furosesa (processor) za ta ɗauka?

Tambayoyin wannan karon sun taru ne a kan kwamfutocin tebur da ofisoshi suka sallama, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq Elite.

Tambaya: Ina da OptiPlex 790 mai Core i3-2100. Wani zai sayar mini da i7-3770, ya ce soket ɗinsu ɗaya ne, LGA1155. In saya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Mai sayarwar bai yi ƙarya ba, soket ɗin, wato mazaunin furosesa, ɗaya ne, kuma furosesar za ta zauna daram a gurbinta. Sai dai idan ka kunna, fanka za ta juya amma allo ba zai nuna komai ba. Dalili shi ne cifset, wato guntun da ke haɗa furosesa da sauran sassa a kan madabod, babban allon cikin kwamfuta. OptiPlex 790 tana da Q65, 'yar'uwarta 990 kuma Q67, dukansu furosesoshin Intel Core zubi na biyu kaɗai suke karɓa, wato masu lamba dubu biyu da 'yan kai. Ita i7-3770 zubi na uku ce, sai madabod mai Q77 irin na OptiPlex 7010 da 9010. Haka abin yake a ɓangaren HP: Compaq 8200 Elite ta tsaya a zubi na biyu, 8300 Elite ce ke ɗaukar na uku.

Iyakar taka ita ce i7-2600, mai ƙwaƙwalwa huɗu da gudun 3.4GHz. Amma in dai aikin bai wuce rubutu da lissafi da intanet ba, mu i5-2400 za mu zaɓa maka. Ita ma ƙwaƙwalwa huɗu gare ta a 3.1GHz, kuma a irin wannan aiki da ƙyar za ka ji bambanci tsakaninsu. Kada lambar da ta ƙare da K ta ruɗe ka. Amfanin K shi ne a ƙara mata gudu fiye da na masana'anta, cifset ɗin ofis kuwa bai ba da wannan ƙofa ba.

Kafin ka biya, duba girman akwatin. i5-2400 da i7-2600 wat 95 ne kowacce. Doguwar akwati da matsakaitan suna ɗauka, amma mafi ƙanƙantar, wadda Dell ke kira USFF, an yi ta ne don wat 65. Ita sai masu S a ƙarshe, i5-2400S ko i7-2600S.

Wajen sauyawa, fara da sabunta BIOS, manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta, tun tsohuwar furosesa tana ciki, don idan sabuwar ta ƙi tashi ba ka da hanyar yi. Sannan ka zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Kwance ƙarfen sanyaya, ɗaga sandar soket, ciro tsohuwar a miƙe. Ƙusoshin nan masu siririn gashi a cikin soket suke, ba a jikin furosesa ba, kuma ɗaya tak idan ta lanƙwashe tana iya kashe gurbin RAM ko madabod ɗin gaba ɗaya, saboda haka kada yatsa ko tsumma ya taɓa su. Daidaita alamar kusurwa uku da tsagun nan biyu na gefe, ka ajiye ta ba tare da dannawa ba. Goge tsohon man sanyaya da ya bushe a ƙarƙashin ƙarfen sanyaya, sa ɗigo ɗaya na sabo a tsakiya, ka ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan. Kada ka manta da wayar fanka.

Tambaya: OptiPlex GX620 ce da ni, Pentium 4 a ciki. An ba ni Core 2 Duo E8400 kyauta.

Amsa: Ba za ta tashi ba. Soket LGA775 ne a duka biyun, amma madabod ɗin GX620, mai cifset 945G, Pentium 4 da Pentium D da Celeron D kawai ya sani. Pentium D kuwa zafi da cin wuta za ta ƙara maka fiye da gudu. Adana E8400 ɗin har ka samu OptiPlex 755 ko 760 ko 780, can ne gidanta.

Tambaya: Tawa 780 ce mai E8400. Shin Core 2 Quad za ta sa ta yi sauri? Sannan na sa mata RAM na 4GB sabo fil, ta ƙi tashi sai ƙara take yi.

Amsa: E8400 tana da ƙwaƙwalwa biyu a 3.0GHz da wat 65. Q9550 tana da huɗu a 2.83GHz, Q9650 huɗu a 3.0GHz, kowacce wat 95. Za ka ga amfaninsu idan kana buɗe shafuka da yawa a lokaci guda ko kana sarrafa bidiyo. Manhajar da ƙwaƙwalwa ɗaya take amfani da ita kuwa ba za ta ƙara komai ba, a kan Q9550 ma sai ta ɗan ragu.

Batun RAM, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Cifset Q45 da ke cikin 780 ba ya karanta RAM nau'in DDR3 na baya-bayan nan mai 4GB da 'yan baƙaƙen guntaye takwas a fuska ɗaya. Nemi mai guntaye 16, takwas gaba takwas baya. Ƙirga su da idonka kafin ka karɓa.

Amma in har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, to shi ke riƙe maka kwamfutar. Sa SSD tukuna, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa. Ko da yake SATA ɗin 780, wato mahaɗar faifai, zubi na biyu ne, wanda ba ya kai 300MB a daƙiƙa, bambancin da za ka gani wajen tashi da buɗe manhajoji ya fi na kowace furosesa da za ka iya sa mata. Ka canza ɗan batirin madabod, CR2032, tunda akwatin a buɗe yake. Idan ya mutu agogo zai riƙa komawa baya, shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa.

Tambaya: Idan na sa i7-4790 a OptiPlex 9020, za ta cancanci Windows 11? Ina kuma son ƙara katin hoto.

Amsa: Furosesar za ta yi aiki bayan sabunta BIOS, soket LGA1150 ne da cifset Q87, kuma ita ce ƙololuwar abin da ya dace da wannan madabod. Amma zubi na huɗu ce, jerin Microsoft na Windows 11 kuwa kusan daga zubi na takwas ya fara, tare da sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0. Babu furosesar da za ta shiga wannan soket ta cika sharaɗin. Tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka in ana shiga banki ko imel da ita, sa Linux Mint ko makamancinta a madadin Windows ya fi kwanciyar hankali.

Katin hoto kuma, 9020 ba ta amfani da filogin wuta na gama-gari mai ƙusa 24, nata mai takwas ne, ba za ka canza mata akwatin wuta ba sai da adafta. Zaɓi katin da ke shan wutarsa daga gurbin da ake soka shi a madabod (PCIe) kaɗai, kamar GT 1030 mai wat 30. Idan siririyar akwati ce, tabbatar katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurewa, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba.