Tambaya da Amsa: Kujerar Alfarma a Jirgin Sama

Tambaya: Mahaifiyata tana fama da ciwon baya, kuma za ta tashi daga Abuja zuwa Landan. Shin in saya mata tikitin ajin bizines, ko almubazzaranci ne?

Amsa: Malama, idan da hali, ki saya wa Hajiya. Tafiyar takan ɗauki fiye da sa'o'i 6, kuma a wannan ajin kujera tana miƙewa ta zama gado, sai a ba ta bargo da matashi ta kwanta sosai, maimakon ta kwana a zaune gwiwoyinta na dukan kujerar gaba. British Airways ma yana ba ta damar akwati 2, kowanne kilo 32. Kuɗin dai yana da tsada ƙwarai. Ki nemar mata keken guragu tun wajen sayen tikiti, domin kyauta ne.