Ina tausayin uwa yake a cikin ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Ina karatun fisiyoloji, wato ilimin yadda jiki ke aiki, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Malaminmu ya ce akwai masanan da aikinsu shi ne gano inda tausayi da faɗa suke a ƙwaƙwalwa. Ta yaya ake binciken abin da ido ba ya gani? Kuma mai karatu a nan Sakkwato zai iya kaiwa can? Daga wata ɗaliba, Mabera.

Amsa: Ɗiyata, malaminku ya yi gaskiya. Misalin da na fi so shi ne Catherine Dulac, haifaffiyar Faransa, wadda ta fara koyarwa a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1996.

Ɓeraye take bincika. Namijin ɓera da bai taɓa barbara ba, in ya tarar da jarirai yakan kashe su. Amma kimanin mako 3 bayan barbara, daidai lokacin da macen za ta haihu, sai ka ga ya koma yana lashe su yana kwaso su zuwa sheƙa. Me ya sauya? A 2014 Dulac da ɗalibanta suka gano wasu ƙwayoyin jijiya masu ɗauke da sinadarin galanin a can gindin ƙwaƙwalwa, a sashen haifotalamus. Da aka lalata su a jikin uwa, sai ta yi watsi da 'ya'yanta. Da aka kunna su a jikin namijin nan mai kisa, sai ya bar kai farmaki ya kama lasar jarirai. Da haske ake kunna su, ta wata siririyar waya da ake dasawa a kai, dabarar da ta fito daga Jami'ar Stanford a 2005. Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne, namiji da mace duk suna da wannan hanyar reno. Wannan aiki ya sa aka ba Dulac kyautar kimiyya ta Breakthrough ta 2021, dala miliyan 3.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Mu tarbiyya da addini da kunya duk suna da hannu a halinmu, kada wani ya ruɗe ki da cewa an gano makunnin soyayya.

Batun kaiwa can, ki riƙe anatomi (ilimin sassan jiki) da lissafin ƙididdiga da kyau, ki kuma koyi rubuta manhajar kwamfuta tun yanzu. Ki shiga Ƙungiyar Masana Ƙwaƙwalwa ta Najeriya. A Damaturu akwai cibiyar BioRTC da Mahmoud Bukar Maina ya kafa a Jami'ar Jihar Yobe, suna horar da matasa aikin ɗakin gwaji. In sun buɗe neman gurbi, ki nema.