Amsa ga ɗan'uwan da mashin ɗinsa ke juyawa amma ya ƙi tashi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta bayaninka: mashin ɗin Baba ne, ɗan China mai injin CG125, ya haura shekara 12, an jingine shi a zaure tun farkon damina. Yanzu sitata na juya inji, kik ma na tafiya, amma ko tari ba ya yi, kuma wani bakanike ya ce a sayo sabuwar kafireta da CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi. Don Allah ka dakata da sayayyar nan tukuna. Na yi shekara 9 ina acaɓa da irin wannan mashin, kuma yawancin kuɗin da na ga mutane sun zubar a gareji, na kayan da aka canja ne ba tare da an gwada su ba.

Injin nan mai haƙuri ne. Honda ta fito da shi a 1975 musamman don ƙasashe irin namu, inda hanya ba kyau kuma ba kowa ke juye baƙin mai a kan lokaci ba, daga baya kamfanonin China suka kwaikwaya. Zama na wata biyar ba ya kashe shi. Abu uku kawai yake nema: mai, wuta, da matsi a cikin silinda. Fulogi ne zai fara gaya maka wanne ya rasa.

Ka buɗe famfon mai, ka ja cok, ka buga kik kamar sau shida, sannan ka kwance fulogin ka dube shi. In ya fito a bushe ƙarau, mai ba ya isowa. In ya fito jiƙe sharkaf yana warin fetur, to mai na zuwa, ko dai wuta ce babu ko kuma ya sha mai ya yi yawa. Daga nan ka mayar da fulogin cikin hularsa, ka ɗora ƙarfensa a jikin inji, ka buga kik a inuwa. Tartsatsi shuɗi mai ƙara "tas-tas" ake so. Ja-ja mai rauni ba ya tayar da inji mai sanyi. Ka nisanta shi da ramin fulogi, kuma ka tabbata babu fetur a zube, domin na taɓa ganin wuta ta kama kujerar mashin ta wannan hanyar. Fulogin da ya dace da shi D8EA ne, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Shi kaɗai na yarda ka saya tun yanzu, don ba shi da tsada kuma tsoho na iya ba da wuta a waje ya gaza a ciki.

Ni dai zargina ya fi karkata ga mai. Fetur in ya daɗe a kafireta, mai sauƙin cikinsa ya kan tashi ya bar wani danƙo kamar ƙaro, warinsa ma ya koma na tsohon fenti. A ƙasan kafiretar akwai ɗan sukuru na zubar da mai. Ka tara farar kwalba ka sassauta shi. In ba abin da ya fito, ka cire tiyo daga famfo ka gani ko tanki na saki. Tsatsa kan toshe ɗan rariyar da ke cikin famfon. In ya fito, ka ajiye kwalbar minti biyu ka duba gindinta. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa. Tankin da aka bari rabi a damina yana yin gumi daga ciki, balle in man ƙarshe na galan ne da aka saya a bakin titi.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne ka zuba sabon fetur kamar rabin ƙaramin cokali ta ramin fulogi, ka ɗaure, ka buga. In ya tashi na daƙiƙa biyu ya mutu, ka huta: wuta lafiya, matsi lafiya, kafireta ce ke son wanki. A sauke kwanon ƙasanta, a kwance jet guda biyu, wato ƙananan sukurori masu ramin da mai ke bi. Ƙaramin, wato na sulo, shi ke toshewa, kuma da shi inji ke tashi. Ka ɗaga shi ga hasken rana, dole ka ga haske ta ramin. A tsefe shi da silin waya ɗaya na jan ƙarfe a hura iska. Kada ka yarda a zura masa allura, ramin zai faɗaɗa, mashin ya koma shan mai har abada, ga shi kowa ya san yadda lita ta koma tun da aka cire tallafi a 2023. Tsohuwar kafiretar da mashin ya zo da ita sau da yawa ta fi sabuwar kasuwa inganci, shi ya sa nake jin zafin a yar da ita saboda datti.

Kafin ka mayar, ka buɗe akwatin iyakilina, wato soson da ke tace iskar da inji ke sha. Ɓera na son soson nan, ya kan yi sheƙa a ciki. Ka leƙa bakin salansa kuma, zanzaro na gina ɗakinsa na laka a wurin. Robar da ta haɗa kafireta da inji ita ma ka lanƙwasa ta kaɗan ka ga ko ta tsage.

In kuwa wuta ce babu ko da sabon fulogi, ga abin da ya same ni. Wata shekara mashina ya mutu da safe, na canja kwayil, na canja CDI, kwana uku ban fita aiki ba ga iyali na jira. Wani dattijon bakanike ya ɗaga tanki, ya zare waya ɗaya, baƙa mai farin layi, ya ce in buga. Bugu ɗaya ya tashi. Wayar nan ita ce ta kashe inji: in ka kashe makulli, ita ke kai wutar ga jikin mashin. Tawa ta goge ne a ƙarƙashin tanki tana taɓa ƙarfe, sai mashin ya zama kamar kullum a kashe yake. Ka cire ta daga soket ɗin CDI ka gwada. In wuta ta dawo, laifin na makulli ne ko na wayar. Ka dai sani muddin tana cire makulli ba zai kashe injin ba, sai ka sa giya ka taka birki ka saki kuloci. Yawancin irin waɗannan mashinan daga kwayil ɗin cikin maganeto suke samun wutar fulogi, ba daga batir ba, don haka sabon batir ba zai magance komai a nan ba. In har za a zargi CDI, a ari na wani mashin mai aiki a jona, minti biyar ne.

Matsi shi ne na ƙarshe. Ka toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya buga kik. Ya kamata iska ta ture yatsan da ƙarfi. In kik ɗin na tafiya sakwaf kamar ba komai a ciki, a fara duba bawul kafin a ambaci ringi ko fistin. Tazararsu milimita 0.08 ce in inji ya huce, kuma in sun matse ba sa rufewa sosai. Wani lokacin bawul kan maƙale a buɗe saboda zama, ɗan baƙin mai da juyawa a hankali sai ya sake shi. Mashin da aka ajiye yana tafiya lafiya, da wuya ringinsa ya cinye yana jingine a zaure.

In Allah ya sa ya tashi, kada ka murɗa totur da ƙarfi. Ka bar shi a sulo ya yi ɗumi, ka juye baƙin man nan tun da zafinsa, ka duba iskar taya da birki kafin Baba ya hau. Ka fara da fulogin gobe da safe, ka turo mana hotonsa, ka faɗa mana a jiƙe ya fito ko a bushe, da kalar tartsatsin da ka gani. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.