Tambaya da Amsa: Ɗora Babban Hari a Kan Babban Hari a Wasannin Faɗa na Tawaga

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne da ke zaune a Tudun Wada, Kaduna, kuma duk Asabar bayan la'asar nakan je wani shagon gem a unguwarmu mu buga Dragon Ball FighterZ da abokaina a kan PlayStation 4. Matsalata ita ce, idan na saki babban harin jarumina na farko, sannan na kira na biyu ya ɗora nasa, sau da yawa harin na biyun yakan wuce ta saman abokin karawata, in kuma ya same shi, jinin da yake rage masa bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai ƙarfina ya ƙare alhali nasa yana cike, ya gama da ni. Hannuna ne bai iya ba, ko kuwa dabarar ce ba ta da amfani? Daga mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Dabarar tana da amfani ƙwarai, kuma tun da har kana iya kiran jarumi na biyu a tsakiyar harin na farko, ba na zaton laifin hannunka ne. Abin da na hango a wasiƙarka shi ne kana kashe ƙarfi a lokacin da bai kamata ba, kuma a wurin da bai dace ba.

Wannan dabara ta yi suna ne a Marvel vs. Capcom 2, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a shekarar 2000 da jarumai 56, kowane ɗan wasa yana zaɓar uku. A can ana kiranta Delayed Hyper Combo, ko DHC a taƙaice, kuma har yau da wannan suna 'yan wasa suke kiranta ko da a wasannin da suka raɗa mata wani suna, kamar naku da ya fito a 2018, inda sunanta Ultimate Z Change. Tsarin ɗaya ne: yayin da jarumin farko yake tsakiyar babban harinsa, sai ka ba da umarni na biyu ya shigo da nasa, na farkon ya koma hutu, wanda ya shigo ƙarshe kuma shi ne zai ci gaba da faɗan. Kowane hari yana cin rabonsa daga ma'aunin ƙarfi, wanda yake ɗaukar gida 5 a Marvel vs. Capcom 2, gida 7 kuma a Dragon Ball FighterZ.

Dalilin da ya sa jinin da kake ragewa bai kai yadda kake so ba shi ne wata ƙa'ida da masu ƙera waɗannan wasanni suka dasa da gangan, wato duk lokacin da jerin duka ya yi tsawo, kowane bugu na gaba yana raguwa da nauyi, domin kada wanda aka kama sau ɗaya ya mutu ba tare da ya sami damar motsawa ba. Saboda haka babban harin da ya zo bayan bugu talatin ba zai yi ɓarnar da zai yi idan shi ne ya fara sauka ba, duk da cewa akwai iyakar da raguwar ba ta wucewa. Idan abokin karawarka yana da rabin jininsa, ka zuba masa hare-hare uku a jere ya tashi da ransa, to ka sayar da gida uku ko biyar a kan araha, shi kuwa dukan da ya sha ya ƙara masa ƙarfi a ma'auninsa. A ganina, babban dalilin ɗora hari a kan hari shi ne kisa. Ka dubi layin jininsa kafin ka danna, in ka tabbata na biyun zai ƙarasa shi, kada ka yi rowar ƙarfi, domin rage masa jarumi ɗaya yana nufin ya rasa mataimaki ɗaya, wato abokin tawaga da ake kira ya shigo ya kai bugu ya koma, har ƙarshen wasan. In kuwa ba zai mutu ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai dalili na biyu da sababbin 'yan wasa ba su cika lura da shi ba, kuma shi na fi so ka riƙe. Idan jaruminka ya jigata, kana buƙatar fitar da shi ya huta, saboda wani sashe na jinin da ya rasa yana dawowa a hankali muddin yana waje. A layin jini, wannan sashe shuɗi ne a wasanku, ja ne a wasannin Marvel. Sauya jarumi haka kawai a tsakiyar fili yana da haɗari, don wanda ya ƙware yana jiran mai shigowar da duka. Amma idan sauyin ya zo a cikin babban hari, abokin karawar yana shan duka ko yana karewa, ba shi da sararin tarbar kowa. Kwanakin baya na tsaya a wani shago kusa da Kasuwar Barci ina kallon wasu samari biyu, janareta yana ruri a waje, sauran yara sun yi cirko-cirko a bayan benci. Jinin jarumin ɗayansu ya rage kamar zare, kowa yana ce masa ya gama yawo, sai ya kama abokinsa da ɗan gajeren jerin duka, ya saki hari mai gida ɗaya, ya ɗora na abokin tawaga a kai. Bai kashe kowa ba a wannan karon, amma raunanannen ya samu ya fita lafiya, kuma da shi ya dawo ya ci wasan bayan jininsa ya farfaɗo.

Batun wucewar hari ta sama kuwa, magana ce ta wuri da lokaci. Kowane babban hari yana da siffarsa: wani yana tafiya a miƙe kamar Kamehameha na Goku, wani yana tashi sama, wani yana saukowa a karkace, wani kuma sai an matsa kusa yake kamawa. Harin farko shi ne yake ajiye abokin karawar a inda na biyun zai same shi ko ya rasa shi, don haka wanda yake cilla mutum can sama bai dace a bi shi da wanda yake bin ƙasa ba. Abin da ya sa Storm da Sentinel suka zama sanannun abokan tafiya a Marvel vs. Capcom 2 ke nan, domin ƙanƙarar da Storm take zubowa tana cika allon gaba ɗaya, ta riƙe mutum har jiragen Sentinel su iso. A kusurwar fili abin ya fi sauƙi, tun da bango yana hana wanda ake duka yin nisa. Lokacin dannawa ma yana da tasiri: in ka yi gaggawa, ka yanke harin farko kafin ya gama aikinsa, in ka yi jinkiri, mutumin ya faɗo ya kuɓuce. Yawanci ana jira har bugun kusa da na ƙarshe.

Shawarata ita ce ka roƙi mai shagon ya ba ka rabin awa a lokacin da babu layi, ka shiga sashen atisaye, ka sa ƙarfi ya zama ba ya ƙarewa, sannan ka gwada kowane jarumi a bayan ɗan'uwansa, a tsakiyar fili da kuma a kusurwa, kana rubuta adadin ɓarnar da allon yake nunawa. Ka kuma duba ko talabijin ɗin yana da saitin wasa a kunna shi, domin waɗannan wasanni suna tafiya ne a kan hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ɗan jinkirin talabijin ya isa ya ɓata maka lissafi.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin wannan da harin da jarumai suke fitowa gaba ɗaya su saki tare? Daga mai karatu a Kawo.

Amsa: Na tare ɗin ya riga wancan zuwa, domin yana nan tun a X-Men vs. Street Fighter na 1996. A Marvel vs. Capcom 2 ana yin sa da danna maɓallan mataimaka biyu lokaci guda, kuma ya fi sauƙi a hannu, sai dai yana kwashe ƙarfin a tashi ɗaya, ba ya ba ka damar ganin ko harin farko ya shiga kafin ka biya kuɗin na biyu. A jere kuwa kana iya tsayawa bayan na farko idan ka ga an kare, ko ka ci gaba idan ka ga jinin ya kusa ƙarewa. Wanda yake koyo zai iya farawa da na tare, amma ya tabbata ya kama abokin karawarsa da duka tukuna kafin ya danna.