Kayan da na saya da kuɗina, wa zai hana ni kai su wata ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai shigo da kayan na'ura. Idan na sayi kaya na asali a ƙasar da suke da araha, shin kamfanin da ya ƙirƙiro su zai iya hana ni kai su wata ƙasa in sayar? Wani abokin sana'a ya ce mai haƙƙin ƙirƙira ba shi da ta cewa da zarar ya karɓi kuɗinsa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar abokinka gaskiya ce idan a ƙasa ɗaya aka saya aka sayar. Kayan da mai haƙƙi ya sayar da kansa, ko da izininsa, ikonsa a kansu ya ƙare. Amma takardar haƙƙin ƙirƙira (patent), wadda ke hana wani ƙera ko sayar da abin da aka ƙirƙiro ba da izinin mai shi ba, kowace ƙasa da tata, kuma dokar ƙasar da kayan za su sauka ce ke yanke hukunci, ba ta inda ka saya ba. Sashe na 6 na yarjejeniyar TRIPS, wato yarjejeniyar kare haƙƙin fasaha ta Hukumar Ciniki ta Duniya, ya bar wa kowace ƙasa zaɓinta, sanarwar da hukumar ta fitar a Doha a 2001 kuma ta jaddada hakan.

Amurka ta buɗe ƙofa a 2017. Kamfanin Lexmark ya kai ƙarar Impression Products, wanda ke sake cika kwanson tawadar na'urar buga takardu yana sayarwa, har da waɗanda aka fara sayarwa a ƙetare. Kotun Ƙoli ta ce ciniki da izinin mai haƙƙi, ko'ina aka yi shi a duniya, ya kashe haƙƙin a kan kayan da aka sayar. In akwai sharaɗin da aka karya, sai dai kamfani ya bi wanda suka ƙulla yarjejeniya da shi.

Tarayyar Turai ta bambanta. Kayan da aka fara sayarwa a cikinta, ko a Norway, Iceland da Liechtenstein, suna yawo a yankin ba shamaki. Amma irin kayan nan, na kamfanin nan, in daga wajen yankin ka ɗauko su, yana iya tare su. Nan ne 'yan kasuwa suka fi ƙonewa, don sun ɗauka rasiɗi ya wadatar. Japan kuwa, a shari'ar BBS ta 1997 kan ƙafafun mota na alminiyam, ta yarda a shigo da kaya sai in an yi sharaɗin cire Japan kuma an rubuta shi ƙarara a jikinsu.

Kafin ka biya kuɗi, fara bincika ko akwai ma takardar haƙƙi mai rai a ƙasar da za ka kai kayan. Wa'adinta shekara 20 ne daga ranar neman rajista, kuma kamfanoni da yawa ba a kowace ƙasa suke rajista ba saboda tsada. In babu, babu abin da za a riƙe ka da shi ta wannan fuska. In akwai, nemi takardun da ke nuna hannun farko da ya sayar, domin izini ne ginshiƙin maganar. Kayan da aka ƙera da lasisin dole na gwamnati, wato izinin ƙerawa da gwamnati ta ba wani ba da yardar mai haƙƙi ba, ba su da wannan izini a idon kotun Turai, tun hukuncin Pharmon da Hoechst na 1985.

Sannan ka sani gyara daban, ƙera sabo daban. Wani manomi a Amurka, Bowman, ya sayi waken suya ya shuka ya sami sabon iri mai fasahar kamfanin iri na Monsanto. A 2013 kotu ta ce sabon kaya ya ƙera, ya kuwa faɗi shari'ar. Idan magani ne, rajistar hukumar magunguna tana nan daram, sauya kwali ko lakabi kuma na iya jawo maka ƙara ta fuskar tambarin kasuwanci.