Ku Tambayi Kawu: Kurket Ɗin da Muka Buga a Ƙaramin Kulob

Tambaya: Kawu barka da war haka. Kullum sai ka ce ka buga kurket lokacin da kake zaune a arewacin Ingila, amma ni na duba intanet kaf ban ga sunanka ba. Wai da gaske ka buga ko dai labari ne? Kuma nawa ake biyanku? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana ko shekara za ka yi kana dubawa ba za ka ganni ba, don irin namu kurket ɗin ba ya zuwa talabijin, kuma maganar biya, ai mu ne ke biya. Ka biya kuɗin zama ɗan kulob na shekara, ranar wasa ka ƙara biyan na wasa, bat naka, wato katakon dukan ƙwallo, takalmi naka, fararen kaya naka, man motar zuwa filin abokan hamayya ma ku za ku haɗa. Duk ranar Asabar daga Afrilu zuwa Satumba muna fili, cikinmu akwai direban bas, akwai malamin makaranta, akwai mai gyaran famfo, da wani likita da kullum sai an fara wasa yake shigowa a guje yana ɗaura kariyar ƙwauri. Ni yawancin shekaruna a tim na biyu na yi su, in an rasa mutum a kira ni na farko.

Kuma ba duka da jifa kawai ba ne aikin. Mu ke tura rola a kan tsirin nan mai tsawon yadi 22 inda ake jifa, mu ke jan murfi mu rufe shi in hadari ya taso, a ƙananan wasanni ma da ba a turo alkalin wasa ba, ɗan tim ɗin da ke duka shi zai sa farar riga ya tsaya, ka ga kenan abokinka da kuka zo mota ɗaya zai iya ɗaga maka yatsa ya ce ka fita, kuma da shi za ku koma gida.

Amma kar ka raina kulob. A Lancashire League, wadda aka kafa tun 1892, al'ada ce kowane kulob ya ɗauki ƙwararre guda ɗaya da ake biya, sauran goman 'yan gari ne masu sana'arsu. Learie Constantine ɗan Trinidad ya buga wa Nelson daga 1929 zuwa 1937, a kaka tara suka ci lig sau bakwai, kuma shi ne daga baya a 1969 ya zama baƙar fata na farko da ya shiga majalisar dattawan Birtaniya. Viv Richards, shahararren mai duka na West Indies, da kansa ya buga wa Rishton a 1987, Shane Warne mai jifa ɗan Ostireliya ya yi Accrington a 1991 tun duniya ba ta san shi ba. Wato mai gyaran famfo ya tashi daga aiki ranar Juma'a, Asabar ya tarar shi ne zai yi wa Richards jifa. Namu lig ɗin bai kai nan ba ko kusa, amma tsarin ɗaya ne.

Tambaya: Kawu a wane gurbi ka buga, kuma wane wasa ne har yau bai bar ranka ba? Daga wani mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Mai buɗe duka ne ni, wato cikin biyun da ke fara shiga, kuma duk wanda ya ce maka gurbin daɗi ne bai taɓa tsayawa ba. Kai ne za ka gamu da ƙwallo sabuwa fil, ja, tana ƙyalli, ɗinkinta a tsaye, mai jifa kuma bai gaji ba. In da safe an yi yayyafi, sama a rufe, ciyawa da ɗan danshi, sai ka ga ƙwallon ta taso kamar kanka za ta zo, ka miƙa bat, a taku na ƙarshe ta karkace waje ta ɗan lashi gefen bat ɗin, ƙas, kafin ka waiga ɗaya cikin mutum uku da ke tsugune a bayanka ya cafke, sun yi ihu an fitar da kai, shikenan ranarka ta ƙare. Abun da mutanen ƙwallon ƙafa ba sa ganewa kenan, ɗan gaba in ya ɓarar da dama yana da sauran minti tamanin, mai duka in aka fitar da shi a ƙwallon farko sai dai ya cire safar hannu ya zauna ya kalli wasu har yamma, ya jira wata Asabar ɗin. Ko Don Bradman na Ostireliya, wanda ba a yi kamarsa ba, a shigarsa ta ƙarshe a wasan ƙasa da ƙasa, a filin Oval na Landan a 1948, maki huɗu kacal yake nema matsakaicinsa ya cika 100, mai jifan Ingila Eric Hollies ya fitar da shi a ƙwallo ta biyu bai ci ko ɗaya ba, ya tashi da 99.94. Mu a kulob duk wanda ya fita da sifili sai a ce masa ya yi haƙuri ai ya bi sahun manya.

Wasan da nake tunawa kuwa ba wanda na ci maki da yawa ba ne, ba ma cinsa muka yi ba. A lig ɗinmu a lokacin, in tim ɗin da ya yi duka na biyu bai kamo maki ba amma kuma ba a fitar da su duka ba, ana tashi canjaras ne a raba maki. Ranar an yi mana kaca-kaca, mutum tara sun fita, ni na rage da wani yaro ɗan sakandare da muka aro daga tim ɗin yara saboda ba mu cika sha ɗaya ba, ga sauran oba da dama, kowace oba jifa shida. Yaron ya shigo kariyar ƙwaurin ta fi ƙarfinsa tana karkacewa in yana tafiya, hular kwano tana rufe masa ido, na tare shi a tsakiya na ce kar ka nemi maki, bat a miƙe, kusa da ƙafa, duk wadda ba ta nufi sandunan wiket da kake karewa a bayanka ba ka ƙyale ta ta wuce. Sai kyaftin ɗinsu ya jawo kowa da kowa suka kewaye shi har ina jin numfashinsu daga ɗaya ɓangaren, suna ta surutu don su rikita shi. Ni kuma aikina lissafi, in tare huɗu ko biyar, a ta biyar ko ta shida in tura ƙwallon gefe mu ruga mu canza wuri don oba ta gaba ta sake faɗowa kaina. Sau da yawa dabarar ta yi, a oba ta ƙarshe ta ƙi, suka toshe ko'ina, dole shi ya fuskanci jifan. Ya tare, ya tare, ɗaya ta buge shi a cinya suka yi ihu alkali ya girgiza kai, ta ƙarshe ya sa bat ta faɗi gaban ƙafarsa ta tsaya cak. Maki nawa ya ci? Sifili. Amma da muka fito har abokan hamayya sai da suka tsaya suka tafa masa, a littafin maki kuma abun da aka rubuta gaban sunansa shi ne ba a fitar da shi ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe ɗana ya dame ni sai ya shiga kurket a makarantarsu, ni kuma na ji ance ƙwallon kamar dutse take. Akwai haɗari? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya gaskiya ba a yi miki ƙarya ba, ƙwallon tana da tauri, cikinta toto ne da aka naɗe da zare aka rufe da fata, ta manya nauyinta tsakanin giram 156 zuwa 163. Yatsun hannuna na dama biyu har yau ba sa miƙewa daidai, kuma ba a wurin duka na samu ba, a wurin cafka ne. Manyanmu da suka riga mu da hular yadi kawai suke shiga, sai a ƙarshen shekarun 1970 hular kwano ta fara shigowa. Kuma a Nuwamban 2014 Phillip Hughes na Ostireliya, ɗan shekara 25, ƙwallo ta same shi a wuya a filin Sydney, ƙasan inda hularsa ta rufe, bayan kwana biyu ya rasu, daga nan ne aka fara ƙara wa hulunan kariyar wuya ta baya.

Duk da haka ni dai ina ganin ki bar shi. Ƙananan yara da ƙwallo mai laushi ake fara musu, in ya kai ga mai tauri ki tabbatar yana da hula daidai kansa mai kariyar wuya, safar hannu, kariyar ƙwauri da ta gaba, kar ya ji kunyar wannan ta ƙarshen. A Ingila ƙa'ida ce duk wanda bai kai 18 ba sai da hular kwano zai yi duka da ƙwallo mai tauri. Ki je da kanki ki ga atisayensu sau ɗaya, in kika ga koci yana barin yara suna juya baya ga ragar da ake duka a ciki suna hira, ki yi magana, yawancin raunin da na gani a nan ake samunsa.

Tambaya: Kawu in ƙwallo ta taɓa bat ɗinka aka cafke amma alkali bai ji ba, za ka fita da kanka? Daga wani tsohon ɗan wasa.

Amsa: Malam ka taɓo inda ake faɗa. Doka ba ta tilasta maka ba, amma Adam Gilchrist na Ostireliya ya yi hakan a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya a 2003 da Sri Lanka, alkali ya ce bai fita ba shi kuma ya juya ya tafi, har yau ana gardama a kai. A manyan wasanni akwai kyamara, a kulob babu, kuma sau tari alkalin abokinka ne, in ka tsaya shi ka jefa cikin rigima. Don haka ni ina fita. Wanda ba na so shi ne mai fita in ya ci hamsin, ya maƙale in yana kan sifili.

Tambaya: Me ya sa ka daina, kuma ya kake ganin wasan T20? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata gwiwa ce. Ba wanda ke korarka a kulob, a hankali ake saukar da kai, daga tim na biyu zuwa na uku, daga mai buɗewa zuwa na bakwai, a fili kuma kyaftin ya dinga ajiye ka inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba, har ranar da za ka ga yaran da ka koya wa riƙe bat suna maka a hankali a atisaye don kar su ji maka ciwo. Daga nan na koma riƙe littafin maki, fensir da ɗigo-ɗigo, kowane jifa sai ka sa masa alama.

T20 kuwa da aka fara a Ingila a 2003, oba 20 kowane ɓangare, cikin kamar awa uku an gama, ba na zaginsa kamar sauran tsofaffi, don shi ya sa mai aiki da iyali zai iya buga wasa da yamma bayan an tashi aiki, kulob da yawa da shi suke samun sababbin yara. Abun da ke damuna kawai yaran yanzu kowace ƙwallo so suke su aika ta bayan igiyar iyakar fili su ci maki shida, in ka ce su tare oba biyar ba maki sai su kalle ka kamar ka zage su. In ke za ki fara, ki nemi kocin da zai koya miki tarewa tukuna kafin ɗaga ƙwallo sama.