Baƙin abin nan da ke kan murjani ba ɗanyen mai ba ne

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ga hoton da ka turo na murjanin nan da rabinsa ya yi baƙi ƙirin, kana tambaya ko ɗanyen mai ne ya malale a kansa. To wallahi duk wanda ya gani haka zai zata, amma ba mai ba ne. Abu ne mai rai, wani irin soson teku ne, masana na kiransa Terpios hoshinota.

Ka san shi kansa murjani dabba ne ko? Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu laushi, kowace na zaune cikin ɗan gurbin dutse da ta gina wa kanta. To shi wannan soso ba irin mai kumburin nan ba ne da muka sani. Shimfiɗuwa yake yi, siriri sosai, kaurinsa bai fi milimita 1 ba. Ka ƙara girman hoton ka duba, za ka ga zanen ramukan murjanin na nan ta ƙarƙashin baƙin, kamar an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen mayafi. A bakin iyakar kuma akwai wasu 'yan zaruruwa da yake miƙawa gaba, su kama inda ke da rai, sannan sauran jikin ya biyo. A wata guda ya kan ci santimita 1 zuwa 2. Za ka ce ai kaɗan ne, to amma murjani da yawa sai su shekara ba su yi wannan girman ba. Duk inda ya rufe kuwa, na ƙasa ya mutu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abincinsa. Jikinsa cike yake maƙil da ƙwayoyin bakteriya masu haɗa abinci da hasken rana, yadda ganye ke yi. Su suka ba shi launin nan, kuma 'ya'yansa ma da su ake haihuwarsu. Shi ya sa ya fi son ruwa marar zurfi, daidai inda murjani ke rayuwa. A Taiwan an gwada yi masa inuwa, sai ya daina ci gaba.

A tsibirin Guam da ke tekun Pasifik aka fara ba da rahotonsa a 1973. Bayan 1980 ya mamaye wasu wurare a tsibiran Ryukyu na Japan, har ana ce masa baƙar cuta, sai a 1993 aka raɗa masa suna. Ya ɓulla da ƙarfi a Taiwan wajen 2006, an kuma gan shi a Indonesiya da Maldibs da Ostireliya. A tekun Karebiyan akwai wani daban, Cliona delitrix, ja ne shi, ta ciki yake rarake dutsen.

Don Allah kada a ɗauka duk soso mugu ne, yawancinsu tace ruwa suke yi. Abin da ke damuna shi ne murjanin da zafin ruwa ya riga ya galabaitar, ga wannan kuma ya hau kansa, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na halittun teku a cikin duwatsun murjani suke fakewa.

Au, na manta. A Tokunoshima, ɗaya daga tsibiran Ryukyu ɗin da soson ya taɓa mamayewa, da masu bincike suka koma bayan shekaru sai suka tarar ya janye, murjani ya sake tsirowa a wurin.